KASADA A CINIKIN GIDA: DARASI DAGA KASUWAR DOYA TA GWADA

Garin Gwada yana cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja, a kan hanyar mota da ta tashi daga Minna zuwa Kuta. Hanyar dogo da ta haɗa Minna da Kaduna ma ta nan ta bi. Duk wanda ya san cinikin doya a ƙasar nan ya san sunan wannan gari. Manoma, mafi yawansu Gbagyi, su ke kawo doya daga ƙauyuka, dillalai su shiga tsakani, fatake su yi lodi a manyan motoci zuwa biranen arewa da na kudu. Ƙirga doya ake yi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya doya ɗari. Nijeriya ce ke noma wajen kashi biyu cikin uku na doyar duniya, Jihar Neja kuwa tana cikin jihohin da ke kan gaba.

Mafi yawan masu wannan ciniki gidaje ne. Maigida ke riƙe da jari, ƙanensa na zaune a rumfa, ɗansa na bin mota, uwargida kuma tana da nata adashin da akan jingina da shi in ciniki ya tsaya. Haka abin yake a Kantin Kwari da Dawanau a Kano, haka yake a kasuwannin Katsina da Sakkwato da Zariya. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a yadda irin waɗannan gidaje za su riƙa yin kasada cikin hankali, domin gidan da ya ƙi kasada sam yakan tsufa tare da mai shi, wanda kuma ya yi ta da dukan abin da ya mallaka yakan rushe a shekara guda.

Gardamar uba da ɗa

Akwai wata gardama da kan tashi a gidajen 'yan doya kowace shekara in kaka ta yi. Daga watan Nuwamba zuwa Janairu doya takan cika kasuwa ta yi araha. In aka kai watan Mayu da Yuni, kafin sabuwa ta fito, sai ta yi wuya ta yi tsada. Saurayi mai jini a jika yakan dubi wannan bambanci ya ce wa mahaifinsa a zuba jari duka, a sayi doya a ajiye har bazara. Dattijo kuwa yakan ce a saya yau a sayar gobe, a ci 'yar ribar da aka saba, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kowannensu yana da gaskiya ta wani gefe. Yaron ya ga riba ta hakika. Uban kuma ya san abin da yaron bai ɗanɗana ba tukuna, watau cewa jarin nan shi ne abincin gida, shi ne kuɗin makaranta, shi ne kayan ɗakin 'yan mata, shi ne kuma mutuncin sunan da ake ba su bashi saboda shi. Wannan shi ne babban bambanci tsakanin cinikin gida da na kamfani. In kamfani ya yi hasara, masu hannun jari ne ke rasa wani ɓangare na kuɗinsu. In cinikin gida ya yi hasara, tukunya ce ke sauka daga murhu.

Kasada dabam, ganganci dabam

Ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da mutane kan haɗa. Kasada ita ce mutum ya shiga abin da bai tabbatar da ƙarshensa ba, amma ya san iyakar abin da zai rasa, ya kuma san zai iya miƙewa in ya rasa shi. Ganganci kuwa shi ne shiga ba tare da wannan sani ba. Babu cinikin da ba kasada a cikinsa. Manomin da ya binne irin doya a kunya tun kafin ruwa ya zauna kasada ya yi, haka ma falken da ya ɗora ƙwarya talatin a mota guda. Abin tambaya kullum shi ne, nawa aka sa, kuma na wane ne.

Ga misali domin a ga yadda lissafin yake. Waɗannan kuɗaɗe an kawo su ne don bayani kawai, ba farashin wata kasuwa ba ne. A ƙaddara wani gida ya sayi ƙwarya 20 a watan Disamba, kowace ƙwarya naira 100,000, jimla naira 2,000,000. Doya abu ne mai rai: bayan 'yan watanni takan fara tsiro, zafin bazara ya motsar da ita, wadda ta ji rauni wajen haƙa ta ruɓe, ɓeraye kuma su ci rabonsu. A ce cikin kowace doya biyar an rasa ɗaya. Saura ƙwarya 16 ke nan. A ƙara naira 200,000 na rumfa da mai gadi da dako. Ashe sai an sayar da kowace ƙwarya naira 137,500 kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a ma fara zancen riba ba. Wanda bai yi wannan lissafi ba yakan ga farashi ya hau da kashi uku cikin goma ya yi murna, alhali faɗuwa ya yi.

Bayan wannan akwai haɗarin da ba ya shiga lissafi. A watan Afrilu na 1984 an canja launin takardun naira cikin ɗan gajeren wa'adi, masu ɓoye kuɗi a gida da yawa suka wahala. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi ya tsayar da ciniki a kasuwannin ƙauye, a watan Mayu na shekarar kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin da ba a zata ba. A ƙasar Shiroro da Munya da Rafi, hare-haren 'yan bindiga, musamman daga 2020, sun raba manoma da yawa da gonakinsu, har wasu suka yi gudun hijira zuwa Gwada da Kuta aka sauke su a makarantu. Ba ɗan kasuwar da zai iya hango irin waɗannan. Abin da zai iya kawai shi ne kada rana irin wannan ta same shi da dukan dukiyarsa a wuri guda.

Misalin gidan Ɗantata

Dogon da ya bi ta Gwada shi ne ya isa Kano a 1911, kuma shi ne ya buɗe ƙofar cinikin da ya ɗaukaka gidan da ya fi kowane shahara a tarihin kasuwancin ƙasar Hausa. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka daɗe suna kai kaya Gwanja su komo da goro a kan jakuna, tafiyar watanni. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara da zama, inda ta yi nata cinikin. Da ya girma ya bi sawun iyaye, amma bai tsaya inda suka tsaya ba. Yana cikin 'yan arewa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana yanzu zuwa Ikko, maimakon doguwar hanyar ƙasa. Haja ita ce dai wadda ya gada. Hanyar ce ya sabunta.

Daga 1912 kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa a Kano. Alhassan ya shiga wannan sabon ciniki da abin da ya riga ya mallaka, watau jarin goro, da yaran gida, da amincin mutanen ƙauye da suka san shi. A 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa. Yakan ba wakilansa kuɗi tun kafin kaka su shiga ƙauyuka, abin da ke da haɗari ƙwarai in ba a san mutum ba. Shi kuwa mutanensa 'yan'uwa ne da barori da waɗanda aka jarraba shekara da shekaru. A 1929, da aka buɗe reshen bankin Ingilishi a Kano, an ruwaito cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin, a zamanin da attajirai da yawa ke ganin ba inda ya fi ƙarƙashin gado aminci.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955. Kafin rasuwarsa ya riga ya mai da cinikin kamfani mai suna Alhassan Dantata and Sons, ya kuma sa 'ya'yansa cikin aiki tun suna samari. Ahmadu ya riƙe shugabanci har rasuwarsa a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa, Sanusi kuma yana tafiyar da nasa babban cinikin. 'Ya'yan ba su tsaya ga gyaɗa kaɗai ba. Sun shiga sufuri da gine-gine da sayar da kayan masarufi. Amfanin wannan ya bayyana bayan farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta halaka gonakin gyaɗa a 1975. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, masu sayen gyaɗa da yawa suka ɓace tare da ita, amma wannan gida ya tsaya, gama ya riga ya kafa ƙafa a wasu wurare. Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a watan Yuni na 2025 yana da shekara 94.

Daga wannan gida ne Aliko Ɗangote ya fito ta wajen uwa. Mahaifiyarsa 'yar Sanusi Ɗantata ce. Ya fara ciniki a ƙarshen shekarun 1970 da rancen da ya samu a dangin mahaifiyarsa. A lura da kalmar nan: rance aka ba shi, wanda zai biya, ba a miƙa masa makullin gida ba. Daga shigo da siminti da sukari ya kai ga kafa masana'antar siminti a Obajana da matatar mai a Ikko, wadda aka buɗe a 2023. Duk da haka ba kowace kasada ce ta yi kyau ba. Masana'antar tumatir da gidan ya buɗe a Kadawa ta Jihar Kano a 2016 ta tsaya ba da jimawa ba, sa'ad da tsutsa ta cinye gonakin tumatir. Hasara ce babba, amma ba ta taɓa ginshiƙin gidan ba, domin ɓangare ne aka sa a ciki.

Darasin da ɗan doyar Gwada zai ɗauka a nan bai shafi yawan dukiya ba. Abu uku ne: sabon abu a gina shi a kan sanin da ake da shi, a gwada shi da ɓangaren jari, a kuma ba yara dama da ƙa'ida tun maigida yana da rai.

Abin da ke ɗaure gidaje

Mutane kan ce cinikin gida tsoron kasada gare shi. Binciken masana ya nuna maganar ba ta tsaya nan ba. A 2007 an buga sakamakon wani nazari da aka yi a kan gidaje 1,237 masu matse man zaitun a kudancin ƙasar Sifen, cikin tsawon shekara 54. Kowane gida yana da zaɓi: ya shiga ƙungiyar gama kai, inda haɗarin karyewa ya ragu amma ikon gida ya tafi, ko ya zauna shi kaɗai cikin haɗari. Gidaje da yawa suka zaɓi zama su kaɗai. Watau iyali sukan yarda su ɗauki babban haɗari don kada ragama ta fita hannunsu, su kuma guji ƙaramin haɗari in sabon abu ne da ba su saba ba.

Wannan hali sananne ne a kasuwanninmu. Akwai maigidan da ba zai yarda a gwada kai ƙwarya biyar wata sabuwar kasuwa ba, amma ya yarda dukan lissafin gidan ya zauna a kansa shi kaɗai, ba littafi, ba shaida. Yana ganin ya guje wa kasada, alhali ya ɗauki wadda ta fi kowace girma, gama ranar da ciwo ya kwantar da shi ba wanda zai san wa ake bi, wa ke bi. Akwai kuma wanda zai ɗora ɗan fari a kan ciniki don shi ne babba, ko da ƙanensa ko ƙanwarsa sun fi shi kai. Da haka yara masu himma kan gaji su tafi birni su yi wa wasu aiki.

A ƙasar Japan gidan Toyoda masu ƙera injin saƙa ne. Da ɗansu Kiichiro ya nace a kan ƙera mota, sai aka buɗe masa sashe a cikin kamfanin saƙar a 1933, injin saƙa yana ci gaba da ciyar da gida. Sai a 1937, bayan abin ya nuna alamar tsayawa, aka ware shi ya zama kamfanin Toyota. Tsohon ciniki ne ya ɗauki nauyin sabo har ya yi ƙafa.

Ranar rabon gado

Babu jarrabawar da ta fi wannan tsanani ga cinikin gida. Ƙarfin ciniki yana cikin haɗuwarsa: jari da mota da rumfa da amincin abokan hulɗa. In aka sayar da mota, aka raba kuɗin gida goma sha biyu, kowa ya sami abin da ba zai cika ko rabin lodi ba, sai a wayi gari sunan da aka yi shekara arba'in ana ginawa ya zama labari.

Maganin wannan ba shi ne a hana rabo ba. A shari'ar Musulunci kowane magaji yana da rabonsa sananne, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Gidajen da ba na Musulmi ba su ma suna da al'adarsu da dokar ƙasa. Abin da ya dace shi ne a ƙiyasta dukiyar, kowa ya san nasa a rubuce, sa'an nan waɗanda suka yarda su bar rabonsu a cikin ciniki su zama abokan tarayya, a riƙa raba musu riba gwargwadon hannunsu. Wanda ya ce a ba shi nasa, a ba shi, ko da kashi-kashi ne bisa yarjejeniya. Lalle ne a yi hattara da masu fakewa da haɗin kan gida su danne haƙƙin 'ya'ya mata da matan mamaci da marayu. Kuɗin maraya amana ne, ba a kai shi inda ba a tabbatar ba. Gidan da ya ci irin wannan haƙƙi yakan ƙare a gaban alƙali, ciniki kuwa ba ya jiran shari'a.

Hanyoyin auna kasada

Na farko, a raba aljihu. Kuɗin cefane dabam, jarin ciniki dabam. Maigida ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka kowane mako, haka ma kowane ɗan gida da ke aiki a yanka masa lada. Bikin aure da suna kada su ci uwar kuɗi.

Na biyu, a kasa jari kashi uku: wanda ke juyawa a cinikin da aka saba, wanda aka ajiye don ranar wuya, da ɗan ƙarami na gwaji. Gwargwadon na gwajin shi ne abin da in ya salwanta duka gida ba zai kwana da yunwa ba. Da shi ake ajiyar doya zuwa bazara, ko gwada sabuwar kasuwa, ko sayen injin niƙa garin doya. Ba a gwaji da bashin da aka jinginar da gida ko gona a kansa.

Na uku, a ba yaro jari da sharaɗi. Malamanmu sun san wannan tsari da sunan ƙiradi: wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo aiki, a amince tun farko yadda za a raba riba. In hasara ta zo ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Da irin wannan tsari fataken Kano suka yi renon yaransu. A fara da ƙwarya biyu ko uku. In ya dawo da lissafi mai kyau a ƙara masa. In ya faɗi, a zauna a duba dalili, kada a mai da shi abin gori, domin yaron da aka kunyata a faɗuwar farko ɓoye ta biyu zai yi.

Na huɗu, a rubuta. Littafin awo na naira kaɗan ya isa: abin da aka saya, abin da aka sayar, abin da ya ruɓe, bashin da aka bayar da sunan shaidu. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Yaran gida da suka yi makaranta, maza da mata, nan ne za su fara amfanar iyayensu. Mutum biyu aƙalla su san inda littafin yake.

Na biyar, a yi amfani da abin da hukuma ta tanada. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi, kuma bashinsa ba ya hawa kan gidan kwana sai in mutum ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa. Tun 1987 akwai shirin inshorar aikin gona na Gwamnatin Tarayya. Ga masu gudun riba irin ta ruwa, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu kuma sun biyo bayansa, akwai kuma inshorar takaful. Ƙungiyar gama kai tana sa gidaje biyar su haɗa lodi a motoci dabam-dabam, yadda in ɗaya ta lalace a hanya ba gida guda ne zai ɗauki hasarar duka ba.

Kira ga iyaye da 'ya'ya

Ana roƙon iyaye masu ciniki su tuna cewa su ma wata rana wani ne ya amince ya ba su jarin farko. Yaron da ba a bari ya yi ƙaramar hasara a gaban mahaifinsa ba, babba zai yi a bayansa. Ana kuma roƙon samari su san cewa taka-tsantsan ɗin dattijo daga shekarun fari da faɗuwar kasuwa ya samo shi, waɗanda su ba su gani ba. Kafin doyar bana ta cika kasuwar Gwada, ya kamata kowane gida ya zauna, maza da mata masu hannu a cikin jarin, a buɗe littafi, a faɗi nawa ne za a juya, nawa ne za a ajiye, nawa ne kuma za a ba yaro ya gwada. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba wannan bayani.